Wa ke da sunan Iskandar?

A ƙarshen shekarar 2006 gwamnatin Makidoniya, ƙaramar ƙasar nan da ta ɓalle daga tsohuwar Yugoslabiya a 1991, ta sanar cewa filin jirgin saman babban birninta, Skopje, zai koma amsa sunan Iskandar Mai Girma, shahararren sarkin yaƙin Makidoniya ta dā. A lokacin akwai wani filin jirgin mai wannan suna a birnin Kavala na arewacin Girka. Hukumomin Athens, babban birnin Girka, suka ɗauki abin a matsayin tsokana, kuma ba su manta ba. A watan Afrilun 2008, a taron ƙungiyar tsaro ta NATO a Bucharest, aka gayyaci Albaniya da Kuroshiya su shiga ƙungiyar, aka bar Makidoniya a bakin ƙofa saboda Girka ta ƙi amincewa. Sai da ta jira shekara 12 kafin ta shiga.

Ra'ayina a kan wannan rikici shi ne: sunan na Girkanci ne, babu tantama, kuma duk wanda ya ce ba haka ba ne yana jayayya da hujjar da ta fi ƙarfinsa. Amma sunan ya fita daga hannun Girkawa tun fiye da shekara 2,000 da suka wuce, sun kuma fi kowa cin ribar fitar tasa, don haka babu wata ƙasa da za ta ce ita ke ba da izinin amfani da shi. Inda matsalar take shi ne lokacin da gwamnati, ba uba ba, ta ɗauki sunan ta liƙa a kan abin da ta gina da kuɗin jama'a. Tarihin sunan kansa ya isa ya nuna wannan bambanci.

Da Girkanci Aleksandros ake cewa, kuma kalma biyu ce aka haɗa. Ta farko daga aikatau “aleksein” take, wato karewa ko tunkuɗe hari. Ta biyu daga “aner” ce, namiji, wadda ke komawa “andros” idan aka sarrafa ta. Ma'anar ke nan: mai kare mazaje, mai tsare wa jama'a faɗa. Haka Girkawan dā suke ƙera sunayensu. Filippos, sunan mahaifin Iskandar, mai son dawaki ne. Nikolawos kuma nasarar jama'a. Wanda ya san sassan zai iya warware ɗaruruwan sunaye irin waɗannan, kuma wannan shi ne hujja ta farko a kan asalin sunan: a Girkanci kaɗai yake rabuwa gida biyu, kowane gida da ma'anarsa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne sunan ya girmi sarkin da ya yi fice da shi da kusan shekara 1,000, kuma mace ce aka fara samun ta da shi a rubuce. A kangon birnin Mycenae na Girka an tono wani allon laka na wajejen ƙarni na 13 kafin Miladiyya, mai ɗauke da jerin sunayen mata, a cikinsu akwai a-re-ka-sa-da-ra. Rubutun da aka yi shi da shi, wanda masana suke kira Linear B, gaɓa-gaɓa yake tafiya, kowace alama wasali ce ko kuma baƙi da wasali. Ba ya bambanta “l” da “r”, ba ya rubuta “n” idan ta zo gaban wani baƙi, kuma idan baƙaƙe biyu suka haɗu sai ya cusa wasali a tsakaninsu, kamar yadda Bahaushe ya yi har ya samu “burodi” da “tebur”. Idan aka maido da waɗannan abubuwa uku, Aleksandra ce ke fitowa. Babu wanda ya iya karanta wannan rubutu sai a 1952, lokacin da Michael Ventris, wani Baturen Ingila mai zanen gine-gine, ya gano cewa tsohon Girkanci ne.

Akwai kuma shaida daga waje. Wajejen 1280 kafin Miladiyya, sarkin Hittiyawa Muwatalli na Biyu ya ƙulla yarjejeniya da wani sarki mai suna Alaksandu na ƙasar Wilusa, a yammacin Turkiyya ta yau. Masana da yawa na ganin Wilusa ita ce Troy, kuma a waƙar Iliyad ɗan sarkin Troy ɗin nan da ya sace Helen ya jawo wa garinsu yaƙi, Paris, sau da yawa Aleksandros ake kiransa. Ke nan tun a shaidar farko-farko sunan yana kan mutumin da ke mulki a wajen ƙasar Girka. Ban ga yadda za a yi a kafa masa shinge yanzu ba.

A gidan sarautar Makidoniya ta dā, wanda muke magana a kansa shi ne na uku mai sunan. An haife shi a Pella a 356 kafin Miladiyya, ya yi karatu a wajen Aristotle, ya hau gadon mulki a 336, ya karya sarki Dariyus na Farisa a Issus a 333 da Gaugamela a 331, ya kai har Punjab a 326, ya mutu a Babila a 323 yana da shekara 32. Mulkin shekara 13 ne kacal, amma shi ne ya fara mayar da sunan kayan aikin gwamnati. A yawancin wuraren da ya ajiye sojoji ya kafa gari sai ya sa masa sunansa. Plutarch, marubucin Girka na dā, ya ce garuruwan sun kai 70, masu bincike na yanzu sun rage adadin sosai. Daga cikinsu akwai Iskandariyya ta Masar, da wata “Iskandariyya ta ƙarshe” a inda birnin Khujand na Tajikistan yake a yau. Iskenderun ta gaɓar tekun Turkiyya ma sunansa take amsawa.

Daga nan sunan ya bi hanya biyu. Hanyar yamma ta addinin Kirista ce ta ɗauke shi. Yahudawa sun riga sun karɓe shi: Aleksanda Yanayus ya yi sarautarsu daga 103 zuwa 76 kafin Miladiyya, matarsa Salome Aleksandra ta gaje shi. A Linjilar Markus an ambaci wani Aleksanda, ɗan Siman mutumin Kurane, wato Libiya ta yau. Babban limamin cocin Iskandariyya da ya halarci taron malaman coci na Nicaea a 325 Miladiyya shi ma sunansa ke nan. Bayan haka sai fafaroma-fafaroma har zuwa na takwas, sarakunan Sukotland uku, sarakunan Rasha uku, da Aleksanda Nevsky da Rashawa ke ɗauka a matsayin waliyyi. Kowane harshe ya tauna shi yadda haƙoransa suka iya: Alessandro da Sandro a Italiya, Alejandro a Sifen, Sándor a Hungari, Alasdair a tsaunukan Sukotland, Sasha a Rasha, wanda maza da mata duk suke amsawa.

Hanyar gabas ta fi ban sha'awa, kuma ita ce ta iso mana. Kunnen Balarabe ya ji “al” ɗin farkon sunan a matsayin alif da lam na ma'arifa, sai ya cire ta. Baƙaƙen “ks” kuma suka juya suka zama “sk”. Sakamakon shi ne al-Iskandar, sannan Iskandar. Farisawa da mutanen Indiya suka ce Sikandar, Turkawa Iskender, Habashawa Eskender, sunan sarkinsu da ya yi mulki daga 1478 zuwa 1494. Sikandar Lodi ya mulki Delhi daga 1489 zuwa 1517. Iskandar Muda ya mulki Aceh a tsibirin Sumatra daga 1607 zuwa 1636. Birnin Secunderabad na Indiya sunan wani sarkin Hyderabad ya ci, Sikandar Jah. Shugaban Pakistan na farko Iskander Mirza ne. Gwarzon Albaniyawa da ya yi shekara 25 yana hana Daular Usmaniyya sakat, Gjergj Kastrioti, duniya ta fi saninsa da Skanderbeg, laƙabin da Turkawan da kansu suka ba shi, Iskender Bey, tun yana yi musu aikin soja. Rasha ma ta sa wa wani makaminta mai linzami suna Iskander, da sigar gabas ɗin, ba da tata ba. A zaurukan karatu na ƙasar Hausa kuwa, duk ɗalibin da ya karanta littafin Hikam ya furta sunan a cikin nisbar mawallafinsa, Ibn Aɗa'illah al-Iskandari, malamin Malikiyya da ya rasu a Alƙahira a 1309. Cewa ba kasafai ake raɗa wa yaro Iskandar a garuruwanmu ba, ina jin ba ya rasa nasaba da kalmar da farkon sunan ke tuna wa kunnen Bahaushe. Wane uba ne zai so abokan wasan ɗansa su samu wannan ƙofa?

A nan ya kamata a tsaya a kan wani kuskure da ake yawan yi a rubuce-rubucenmu na intanet, wato a rubuta “Iskandar, wanda shi ne Zulƙarnaini” kamar magana ce da aka gama. Alƙur'ani ya kawo ƙissar Zulƙarnaini a Suratul Kahfi, aya ta 83 zuwa ta 98, bai ambaci sunan Iskandar ba. Gaskiya ne wasu malaman tafsiri sun haɗa su, kuma akwai abin da ya ja hankali zuwa can: Iskandar ya ziyarci wurin bautar Amun a Siwa, cikin hamadar Masar, kuma bayan mutuwarsa ɗaya daga cikin kwamandojinsa, Lysimachus, ya buga kuɗin azurfa da hoton kansa ɗauke da ƙahonin rago. Amma Ibn Taimiyya da ɗalibinsa Ibn Kasir sun yi watsi da wannan haɗi, hujjarsu kuwa ita ce Iskandar ɗan Filibus mai bautar gumaka ne, Zulƙarnaini kuwa bawan Allah ne mumini. Wasu sun ce wani sarkin Himyar ne na Yaman. Abul Kalam Azad na Indiya ya kawo hujjoji cewa Sairus na Farisa ne. Marubucin da ke son ya yi wa mai karatu adalci sai ya ce malamai sun yi saɓani, ya ambaci ra'ayoyin, ya wuce.

Ba kowa ne ma ya ɗauki sunan a matsayin abin alfahari ba. Littattafan Majusawan Farisa “la'ananne” suke kiransa, saboda ƙona Persepolis da ya yi a 330 kafin Miladiyya. Amma bayan ƙarnoni, Firdausi a cikin Shahnama ya mayar da shi ɗan sarkin Farisa, ɗan'uwan Dara, wato Dariyus, da ya yaƙa. Ƙasar da ya rusa ce ta zana masa sabuwar salsala ta shigar da shi gida. Babu wanda ya aika wa Farisawa takardar ƙorafi daga Girka, domin babu wanda ya ji waƙar tana barazana ga iyakar ƙasarsa.

Wannan ne ya dawo da mu Skopje. Ruwa ba ya tsami banza, kuma tsoron Girkawa yana da tushe. Bayan yaƙe-yaƙen Balkan, yarjejeniyar Bucharest ta 1913 ta raba yankin da ake kira Makidoniya: kusan rabi ga Girka, har da birnin Tasalonika, kaso mai tsoka ga Sabiya, ɗan ragowa ga Bulgeriya. Kason Sabiya ne Tito, jagoran Yugoslabiya, ya mayar jamhuriya a cikin Yugoslabiya a 1944. A yaƙin basasar Girka na 1946 zuwa 1949 an ga masu fafutukar haɗe yankin duka a ƙarƙashin tuta ɗaya. Da sabuwar ƙasar ta samu 'yanci, sai ta sa tauraron Vergina a tutarta, alamar da ke kan akwatin zinariyar da Manolis Andronikos ya tono a 1977 a kabarin da ake dangantawa da Filibus na Biyu, mahaifin Iskandar, a cikin ƙasar Girka. Pella ma, mahaifar Iskandar, a cikin Girka take. Su kuwa mutanen sabuwar ƙasar, harshensu na dangin Slav ne, ɗan'uwan Bulgeriyanci, kuma Slavawa sun iso yankin ne a ƙarni na 6 da na 7 Miladiyya, kusan shekara 900 bayan mutuwar Iskandar. Shugabansu na farko, Kiro Gligorov, ya faɗi haka da bakinsa a 1992, ya ce su Slavawa ne, ba jikokin Iskandar ba.

Akwai wata muhawara ta gaske a tsakanin masana a kan yadda sauran Girkawan dā suke kallon mutanen Makidoniya. Demosthenes na Athens bare yake kiran Filibus, amma abokin gabarsa ne na siyasa. Herodotus kuma ya ruwaito cewa an bar Aleksanda na Ɗaya ya shiga gasar Olamfik, wadda Girkawa kaɗai ke shiga, bayan ya nuna cewa gidansu daga Argos ya fito. A 1986 an tono wani ɗan allon dalma a Pella mai rubutun tsafi na ƙarni na 4 kafin Miladiyya, da wani karin Girkanci aka rubuta shi. Duk yadda aka juya wannan muhawara, ba ta kai ga Slavawa ba. Abin da gwamnatin firaministan Makidoniya Nikola Gruevski ta yi daga 2006 ke nan ya zama ƙaga tarihi. Bayan filin jirgi ta sa wa babbar hanyar da ta nufi iyakar Girka sunan Iskandar, sannan a 2011 ta kafa mutum-mutuminsa a kan doki a tsakiyar Skopje, tsayinsa da ginshiƙinsa ya haura mita 20. Don gudun faɗa a hukumance aka kira shi “Jarumi a kan doki”, alhali ko yaro ya san wanda ake nufi. Aikin ƙawata birnin da aka ce zai ci Yuro miliyan 80, binciken 'yan jarida ya nuna ya haura miliyan 500, a ƙasar da ba ta kai mutum miliyan 2 da rabi ba, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanenta Albaniyawa ne da ba su ga kansu a cikin wannan labari ba.

Suna linzami ne, in ji Hausawa, kuma gwamnatin da ta sa wa filin jirgi suna tana nuna inda take son a ja akalar jama'arta. Uban da ya raɗa wa ɗansa Aleksandar a Skopje bai ce komai a kan iyakar ƙasa ba, kuma sunan yana cikin waɗanda suka fi yawa a can da Sabiya da Bulgeriya, ta hanyar cocin Orthodox ya shigo musu. Girka ba ta taɓa yin ƙorafi a kan wannan ba, ba ta kuma da hurumin yi. Da a ce ana tsayawa a kan wannan bambanci tun farko, da rikicin bai kai shekara 27 ba.

Sai dai samun gaskiya a tarihi bai wanke Girka daga abin da ta aikata ba. A Fabrairun 1994 ta rufe wa maƙwabciyarta hanyar tashar ruwan Tasalonika, ƙasar da ba ta da teku, kuma arewacinta na fama da takunkumin da aka sa wa Sabiya. An shafe fiye da shekara ɗaya da rabi a haka, talakawa ne suka ji a jikinsu. A Majalisar Ɗinkin Duniya an tilasta wa ƙasar amsa wani dogon suna na wucin gadi tun 1993, “Tsohuwar Jamhuriyar Yugoslabiya ta Makidoniya”. A yarjejeniyar 1995 ta sauya tutarta, Girka kuma ta yi alƙawarin ba za ta tare mata hanyar shiga ƙungiyoyin duniya ba muddin da wancan suna ta nema. Kotun Duniya ta yanke hukunci a Disambar 2011 cewa abin da Girka ta yi a taron NATO na Bucharest saɓa wannan alƙawari ne. Mafi muni, matsin ne ya ba masu tsattsauran ra'ayi a Skopje abin kamfe. Mutum-mutumin bai zo a zamanin Gligorov ba, sai bayan an rufe musu ƙofar NATO. Kuma ita Girkar da ke zargin wasu da siyasantar da sunan, ita ma a farkon shekarun 1990 ta sa hoton Iskandar a kwabon dirakma 100, ta kuma sauya wa filin jirgin Tasalonika suna zuwa Makidoniya.

Yarjejeniyar Prespa, wadda aka sa wa hannu ranar 17 ga Yunin 2018 a gaban firaministoci Alexis Tsipras na Girka da Zoran Zaev na Makidoniya, ta yi abin da ya dace saboda ta rarraba abubuwan da aka cakuɗa. Ƙasa ta zama Makidoniya ta Arewa, a gida da waje. Harshe ya ci gaba da amsa sunan Makidoniyanci, tare da bayyana cewa na dangin Slav na kudu ne. Sashe na 7 ya fayyace cewa kalmar Makidoniya tana nufin abu daban a kowane ɓangare, kuma tarihin dā na Girkawa ne. Sashe na 8 ya wajabta a sake duba gumaka da gine-ginen gwamnati, a kuma cire tauraron Vergina daga wuraren jama'a. Tun a Fabrairun shekarar an cire sunan Iskandar daga filin jirgi, babbar hanyar kuma ta koma “Abota”. Ba a rushe mutum-mutumin ba, allo aka liƙa masa mai bayanin cewa na tarihin Girkawan dā ne. Babu sashe ko ɗaya da ya taɓa sunan da iyaye za su sa wa 'ya'yansu. Ba a sha da daɗi ba a kowane gefe: a ƙuri'ar raba gardama ta Makidoniya kashi 37 cikin ɗari kaɗai suka fito, majalisar Girka kuma ta amince da ƙuri'a 153 a kan 146.

A Girka kanta sunan yana rayuwa ne ta hanyar da ba ruwanta da filayen jirgi. Al'adarsu ɗan fari namiji ya ci sunan kakansa na wajen uba, don haka Aleksandros ke yawo a gida ɗaya daga kaka zuwa jika, a gida kuma a kira shi Alekos. Masu sunan suna bikin ranar sunansu kowace 30 ga Agusta, kuma ba don sarkin yaƙin ba, don wani limamin Kustantiniyya ne na ƙarni na 4. Birnin Alexandroupoli ma da baƙo zai ɗauka na Iskandar Mai Girma ne, sunan wani matashin sarkin Girka ya ci a 1920, wanda ya mutu a wannan shekara bayan biri ya cije shi.

Ga masu rubutu da Hausa, abin da nake ganin ya fi shi ne a kira sarkin dā Iskandar, a kira birnin Masar Iskandariyya, tunda da su kunnenmu ya saba ta hanyar Larabci. Mutumin zamani kuwa a bar masa sigar da yake amsawa. Ɗan damben Yukiren Usyk Oleksandr ne, da “O”, kuma mayar da shi Aleksandr na Rashanci bayan Rasha ta kai wa Yukiren yaƙi ɗaukar ɓangare ne, ko marubuci bai yi niyya ba. Haka sunan ƙasar: tun Fabrairun 2019 Makidoniya ta Arewa ce a hukumance, kuma yanke “ta Arewa” ba taƙaitawa ba ce kawai. A watan Mayun 2024 sabuwar shugabar ƙasar, Gordana Siljanovska-Davkova, ta tsallake kalmar a wajen rantsuwar kama aiki, jakadiyar Girka ta tashi ta fice daga zauren, Athens kuma ta yi gargaɗin cewa hanyar shiga Tarayyar Turai ta dogara ne da cika yarjejeniyar.